BA KOWACE ƘAFA CE INNA TA SHA BA

Tun muna yara muka tarad da wata magana a bakin manya, wadda har yau ba ta bar bakin jama'a ba. In yaro ya fara jan ƙafa, ko ya zauna ya kasa tashi, sai a dube shi a girgiza kai a ce, "Inna ta sha shi." Da an faɗi haka kuwa magana ta ƙare. Sai a sassaƙa masa sanda, in ya yi wayo a sama masa keken guragu, iyaye su rungumi ƙaddara, makaranta ta soke sunansa daga rajista. A zamanin da maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin cutar shan inna ta nakasa yara ba iyaka a ƙasar Karaye da Rogo da sauran ƙasar Kano, kuma babu likitan da ya iya mayar da ƙafar da ta riga ta shanye. Amma zamani ya juya, ya kamata maganarmu ta juya tare da shi.

Ga yadda al'amarin ya ke. Yaro na ƙarshe da aka tabbatar asalin ƙwayar shan inna ta kama a Jihar Kano, a ƙasar Sumaila ya ke, cikin watan Yuli na 2014. Na ƙarshe a Nijeriya duka a Barno aka same shi cikin 2016. Ran 25 ga Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Afirka shaidar rabuwa da wannan ƙwaya. Akwai sauran wani iri wanda ya kan ɓulla inda aka yi sakaci da rigakafi, an kuwa gan shi a jihohin Arewa tsakanin 2021 da 2024, saboda haka kada wani ya ce mun ce a daina ɗiga wa yara magani. A ci gaba da ɗigawa. Amma duk da haka shan inna ta zama baƙuwa a inda da ta ke 'yar gida.

To, tun da haka ne, yaron da ƙafarsa ke mutuwa yau a Karaye ko a Rogo, me ya same shi? Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami ke nan. Cikin cututtukan da ke kashe ƙafar yaro akwai waɗanda a ke warkarwa in an zo da wuri, ɗaya daga cikinsu kuwa, wadda jama'a ba su san da ita ba, ita ce ƙari a cikin laka. Muna roƙon malaman makaranta da akawunan hukuma su karanta wannan da natsuwa, domin a ganinmu ceton irin waɗannan yara a hannunsu ya ke farawa, tun kafin likita ya sa su a ido.

MECE CE LAKA?

Kowa ya taɓa ganin mahauci ya sara gadon bayan rago, ya ga wani farin abu mai taushi kamar igiya kwance cikin ramin ƙashi. Ita ce laka. Ta ɗan Adam ta taso daga ƙwaƙwalwa, ta bi ta cikin ƙashin wuya da na baya har wajen tsatso, kaurinta bai fi na ɗan yatsa ba. Wanda ya san sha'anin mulki ba zai sha wuyar gane aikinta ba. Ƙwaƙwalwa ita ce fada, gaɓoɓi su ne garuruwa da ƙauyuka, laka kuwa ita ce hanya guda tak wadda manzanni ke bi su kai umarni su komo da labari. In gada ta karye a tsakiyar hanya, duk garuruwan da ke gaba da ita sun yanke da fada, ko da su kansu lafiya lau su ke. Haka ƙafar yaron nan ta ke: tsokarta da ƙashinta ba abin da ya same su, saƙo ne ba ya isowa. Shi ya sa tsagar da wanzami zai yi a gwiwa, da ƙahon da zai kafa a cinya, da ɗaurin maɗori, duk ba za su taɓa ciwon ba, don ciwon yana can sama a baya.

Ƙari kuwa tsiro ne, watau wani ɗan yanki na naman jiki ya yi ta ƙaruwa ba bisa ƙa'ida ba. Ramin da laka ke ciki ƙunci gare shi, ƙashi ne ta kowane gefe, saboda haka ƙari ko bai fi ƙwayar gyaɗa ba ya isa ya matse ta. Wani ya kan tsiro a cikin lakar kanta, wani a jikin tantanin da ya lulluɓe ta, wani kuma daga ƙashi ko daga cikin ciki ya ke kutsowa ta tsakanin ƙasusuwa. Wanda ya fi fitowa a cikin lakar yara shi ne wanda likitoci ke kira astirosaitoma, sa'an nan efendimoma, wanda shi ga manya ya fi yawa. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, yawancin na yara a hankali su ke girma, wata da watanni. Wannan jinkiri rahama ne in an farga, don yana ba da sararin neman magani. In ba a farga ba kuwa shi ne babban haɗarin, domin iyaye su kan saba da ciwon kaɗan kaɗan har ya ci ƙarfin yaro. Ba a ɗaukarsa daga jikin wani, ba laifin uwa ba ne, ba kuwa jifa ba ne.

YADDA A KE RARRABE SHI DA SHAN INNA

Mu ƙaddara ga wani yaro ɗan shekara tara a aji uku. Da farkon zango uwarsa ta lura yana farkawa cikin dare yana kukan baya, in ya tashi zaune ya ɗan ji sauƙi, da rana kuwa ya yi wasansa. Aka ce gajiyar ɗibar ruwa ce. Bayan wata guda malaminsa ya ga ya daina shiga ƙwallo, in an yi tsere shi ne na baya, takalminsa na dama ya cinye a baki don yana jan ƙafar. Aka ce lalaci ne, har ya sha bulala. Bayan wata biyu sai ga shi yana fitsarin kwance, abin da ya bari tun yana ɗan shekara uku, in ya sunkuya kuma sai a ga bayansa ya karkace. Aka ce iska ce, aka shiga turare. Ran da ya kasa tashi sam, sa'an nan aka ce Inna. Alhali kuwa wata huɗu ke nan ciwon yana sallama a ƙofa ba wanda ya amsa.

Shan inna ba haka ta ke yi ba. Farat ɗaya ta ke zuwa, galibi da zazzaɓi, cikin 'yan kwanaki ƙafa ta saki ta yi laƙwas, yawanci ɗaya ta fi ɗaya, daga nan sai ta tsaya ba ta ƙara gaba. Yaron yana jin taɓi, yana jin tsinin ƙaya. Ƙari kuwa sannu sannu ya ke tafiya, kullum jiya ta fi yau. Sau da yawa ƙafa sandarewa ta ke yi maimakon ta saki, yaro ya ce yana jin ta kamar ba tasa ba, ko ya taka abu mai zafi bai ji ba. In a wuya ƙarin ya ke, sai a ga yaro ya karkatar da kai gefe guda ya ƙi juyawa, ko mai rubutu da dama ya koma hagu ba dalili. Ga ƙanana kuwa, wanda ya riga ya fara tafiya sai a ga ya koma rarrafe.

Ciwon baya ga babba abu ne na yau da kullum, manomi da ɗan dako duk sun san shi. Ga yaro ƙarami ba haka ba ne. Yaron da ciwon baya ke tayarwa daga barci dare bayan dare, lalle likita ya gan shi. Akwai kuma alama guda wadda ba a kwana da ita: in ƙafa tana rauni, sa'an nan fitsari ya ƙi fita, ko fitsari da bayan gida suna zubowa yaro bai sani ba, to, a ranar za a nemi mota, ko da ranar kasuwa ce, ko da ana tsakiyar girbi.

WAƊANSU UKU MASU KAMA DA SHI

Wani zai ce, ai wannan cuta ba ta da yawa, don me za a tayar da hankalin jama'a a kanta? Gaskiya ne ba ta da yawa. Cikin ƙarin da ke fito wa yara a ƙwaƙwalwa da laka gaba ɗaya, na laka bai wuce ɗaya cikin goma ba, malamin asibiti yana iya shekaru a bakin aiki bai gamu da ko guda ba. Amma alamun nan da muka lissafa ba na ƙari kaɗai ba ne. Duk abin da ya danne laka haka ya ke yi, kuma akwai waɗansu cututtuka uku na ƙasashenmu masu yin haka, dukansu kuwa da maganinsu.

Na farko tarin fuka na ƙashin baya, wanda ya fi ƙari yawa nesa ba kusa ba. Wani likitan Landan, Percivall Pott, shi ya bayyana shi tun cikin 1779. Ƙwayar tarin ta kan ci ƙashin baya har ya rufta, ƙusumbi ya fito, mugunya ta taru ta danne laka. Yaro ya rame, ga zazzaɓin yamma da gumin dare, sau da yawa kuma akwai mai tari a gidan. Maganinsa ƙwayoyi ne na wata 12, kyauta a ke ba da su, kuma da yawa daga waɗanda aka kawo a kafaɗa su kan koma gida da ƙafarsu.

Na biyu sankarar nan mai kumbura muƙamuƙin yara, wadda likita Denis Burkitt ya bayyana a Kampala ta Yuganda cikin 1958. Tana bin ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Ba muƙamuƙi kaɗai ta ke kamawa ba, ta kan kama ciki, ta kan kuma danne laka yaro ya gurgunce cikin 'yan kwanaki. Saurin girma gare ta ƙwarai, amma tana jin magani. Farfesa Victor Ngu, wanda ya yi aiki a asibitin koyarwa na Badun, yana cikin likitocin da aka ba lambar girma ta Lasker a Amurka cikin 1972 saboda aikinsa a kan maganinta.

Na uku tsargiya. Mutanen Karaye sun san albarkar madatsar ruwan Challawa tun da aka gama ta cikin 1992, ga kifi, ga noman rani. Amma duk inda ruwa ya kwanta, katantanwa ta sami wurin zama, yara kuma suna shiga wanka, to, tsargiya tana iya samun ƙofa. Jama'a sun san ta da fitsarin jini, har waɗansu na ɗaukarsa alamar balaga. Abin da ba a sani ba shi ne, wani lokaci ƙwan tsutsar ya kan ɓace hanya ya sauka a ƙarshen laka ya kumbura ta, har in an ɗauki hoto a zaci ƙari ne. Maganinta ƙwayar nan ce furazikwantel wadda a kan raba a makarantu, tare da maganin rage kumburi. Saboda haka in an kai yaro asibiti, a gaya wa likita ko yana shiga ruwa.

Ashe wanda ya kai ɗansa asibiti don tsoron ƙari bai yi asarar kuɗin mota ba. Ko ba ƙari ba ne, ƙofar da ya shiga ita ce ƙofar maganin sauran ukun.

ABIN DA LIKITA KE YI

Kada a zaci cire ƙari daga laka sabon abu ne da a ke gwadawa a kan 'ya'yan talakawa. Ran 9 ga Yuni 1887 a Landan aka fara shi. Likita William Gowers ya gane, ta wurin alamu kawai, ba hoto, inda ƙari ya ke a bayan wani hafsan soja wanda ƙafafunsa biyu suka mutu, Victor Horsley kuwa ya buɗe ƙashin ya cire shi. Mutumin ya tashi ya taka da ƙafarsa. Cikin 1907 Anton von Eiselsberg a birnin Biyana ya cire wanda ke cikin lakar kanta. Bayan 1980 likita Fred Epstein a Niyok ya nuna ana iya cire mafi yawan irin wannan ƙari daga lakar yara. A ƙasarmu kuwa likita Latunde Odeku ya buɗe sashen fiɗar ƙwaƙwalwa da laka a Badun cikin 1962. Yau akwai masu wannan aiki a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa cikin 1988, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika kusa da Zariya, wanda ga mutanen Rogo ba shi da nisa, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ga kuma asibitin ƙashi na Dala, wanda tun 1959 ya ke duba masu ciwon ƙashi.

Likita da tambaya ya ke farawa, sa'an nan gwaji. Ya buga gwiwa da 'yar guduma, ya shafa tafin ƙafa, ya bi jiki da tsinke ya ga daga ina ji ya ɗauke, ta haka ya ke kintatar inda gadar ta karye. A nan akwai abin lura. Hoton asibiti na yau da kullum ƙashi ya ke nunawa, ba ya nuna laka. In an ce hoto bai nuna kome ba, alhali yaro yana ƙara rauni, magana ba ta ƙare ba. Na'urar da ke nuna laka ita ce wadda a ke kira MRI, da maganaɗisu ta ke aiki, ba yanka, ba zafi, sai dai ƙara. Yaro zai kwanta shiru kamar rabin awa ko fiye, ƙanana kuwa a kan ba su maganin barci. Akwai ta a Kano.

In an ga ƙari, a kan fara ba da maganin rage kumburi, sa'an nan a yi fiɗa ta baya, likita yana duba aikinsa ta cikin madubi mai ƙara girman abu. A kai ɗan yankin naman ɗakin bincike, don shi zai faɗi irin ƙarin. Efendimoma galibi yana da iyaka, ya kan ɓare daga laka gaba ɗaya. Astirosaitoma ya kan cakuɗe da ita, sai a cire abin da za a iya ba tare da an yi ɓarna ba. In ya rage, ko ya komo, a kan bi shi da allurar sankara ko gashi da haske, amma ana guje wa gashin ga 'yan ƙasa da shekara uku don yana tauye girma. An daɗe da kafa sassan wannan gashi a Shika da Sakkwato da Abuja. Bayan fiɗa akwai watanni na gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, da komawa hoto loto loto, da lura da baya kada ya karkace yaro yana girma.

Ba za mu ɓoye wa masu karatu ba, akwai wani mugun iri, ko da ya ke kaɗan ne, wanda ko a Turai ba a cika cin nasararsa ba. Fiɗar ma tana da haɗarinta, wani ya kan farka da rauni fiye da na da, na 'yan makonni ko na dindindin. Amma akwai magana guda wadda masu wannan aiki suka haɗu a kanta, watau halin da yaro ya shiga ɗakin fiɗa shi ya fi kome nuna halin da zai fita. Wanda ya shiga da ƙafarsa galibi ya kan ci gaba da tafiya. Wanda ya yi watanni a kwance da wuya ya tashi, ko da an cire ƙarin tas, domin lakar da ta daɗe a matse ba ta farfaɗowa. Ice tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Wanda Allah bai nufa ya tashi ba, shi ma yana da hakki. A riƙa juya shi kowace awa biyu kada gyambon kwanciya ya kama shi, a koya wa uwarsa sa robar fitsari da tsabta, a kuma mayar da shi aji, don ƙafa ce ta mutu, kansa garau ya ke.

ROƘONMU

Yaƙin da aka yi da shan inna ya bar mana gado mai daraja. Kowa ya tuna an dakatar da rigakafi a Kano cikin 2003, aka komo da shi cikin Yuli 2004, sa'an nan sarakuna suka sa hannu, har cikin 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa na sha'anin lafiya bisa jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar. Aka shimfiɗa tsari, duk yaro ɗan ƙasa da shekara 15 wanda gaɓarsa ta saki farat ɗaya, a kai labari ga ma'aikacin sa ido na ƙaramar hukuma, ya zo ya ɗebi bayan gidan yaron sau biyu, tsakaninsu awa 24, cikin kwana 14 da farawar ciwon, a aika ɗakin bincike a Badun ko Maiduguri. Masu unguwanni da wanzamai da maɗora da masu kemis duk an sa su cikin masu kai labari. A ganinmu tun zamanin En'e ba a shimfiɗa hanyar labari daga ƙauye zuwa birni mai kyan wannan ba.

Amma tsarin yana da giɓi biyu. An gina shi don neman ƙwaya guda, saboda haka in sakamako ya zo ya ce ba ita ba ce, aikin takarda ya cika, yaro kuwa yana nan kwance a kan tabarmarsa. Sa'an nan wanda ciwonsa ya zo sannu sannu ba ya ma cikin waɗanda aka ce a kawo labarinsu. Waɗannan giɓi biyu mu ke roƙo a toshe.

Ga malaman makaranta. Ku ne ke ganin yaro kwana biyar a mako, ku ne ke riƙe da rajista. In yaro ya yi fashin mako biyu, a aika gida a ji dalili. A lokacin motsa jiki a lura da mai jan ƙafa da mai yawan faɗuwa. Yaron da ya fara sakin fitsari a aji bayan ya daɗe da bari, a ajiye bulala a kira ubansa. Mafi amfani duka, malami ya rubuta abin da ya gani da kwanan watansa, ya ba uban takardar ya kai wa likita. Tambayar farko da likita zai yi ita ce yaushe ya fara, talaka kuwa sai ya ce tun wajen kaka. 'Yar takardar malami mai layi biyar ta fi wannan amsa amfani ƙwarai.

Ga akawuna da ma'aikatan lafiya na ƙananan hukumomin Karaye da Rogo. Magabatanku na En'e sun iya riƙon littafi, ba a ɓatar musu da sunan mai haraji ko guda. A buɗe littafi na duk yaron da gaɓarsa ta yi rauni, ko farat ɗaya ko sannu sannu, kada a rufe shafinsa sai likita ya faɗi sunan cutar. In za a tura shi birni, a rubuta takarda da sunan sashen da zai je da ranar da a ke ganin likita, in da hali a haɗa shi da ɗan rakiya. Mutumin ƙauye da yawa ya kan isa babban asibiti ya yi kwana uku yana zagaye, guzurinsa ya ƙare, ya komo gida ba wanda ya duba ɗansa.

Ga iyayen ƙasa. Dokar 2024 ta haɗa Karaye da Rogo cikin masarauta guda, maganar fada kuwa tana isa inda takardar ofis ba ta isa. Muna roƙo a tara wanzamai da maɗora da masu magani, ba don a ci musu fuska ba, domin su ne jama'a ke fara zuwa wurinsu, kuma sun taimaka a yaƙin shan inna. A yi alkawari da su cewa yaron da bai faɗi ba, bai karye ba, amma ƙafarsa tana mutuwa, ba na ɗori ba ne, a tura shi asibiti nan take. Malamanmu kuma su riƙa tuna wa jama'a addu'a da neman magani ba kishiyoyi ba ne, ana iya yi wa yaro tofi a cikin motar da za ta kai shi Kano.

Ga Gwamnati. Kuɗin hoton nan da na fiɗa sun fi ƙarfin manomi, wani sai ya sayar da shanun nomansa, wani kuwa da ya ji kuɗin sai ya ɗauki ɗansa ya juya. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun lafiya na matakin farko, dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusun marasa galihu, Jihar Kano kuma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya bisa dokar 2016. Muna roƙo a sami kafa a cikin waɗannan a biya wa duk yaron da likita ya tura hoton laka, tare da kuɗin motarsa. Masu cewa zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda da tamowa sun fi kashe yara, gaskiyarsu, ba mu kuwa ce a rage musu ko kwabo ba. Amma ƙarancin wannan cuta shi ne hujjarmu, tun da yaran kaɗan ne kuɗinsu ba zai karya baitulmali ba, kuma ya fi sauƙi bisa ɗawainiyar gurgu har tsufansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da yara 80 cikin 100 masu sankara suna warkewa, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba su kai 30 ba. Cikin 2018 ta ɗauki alkawarin a kai 60 cikin 100 kafin 2030, ta zaɓi cututtuka shida da za a fara da su, a ciki har da ta Burkitt da dangin ƙarin nan mai girma a hankali wanda ya fi fitowa a lakar yara. Zuwa a makare yana cikin manyan dalilan wannan rata, shi kuwa gyaransa daga aji da zauren mai unguwa ya ke farawa.

Saboda haka, jama'a, in an ƙara cewa a gabanku Inna ta sha yaron wane, kada ku girgiza kai ku wuce. Ku tsaya ku yi tambaya uku: yaushe ya fara, farat ɗaya ya zo ko sannu sannu, likita ya gan shi? In amsar ta uku a'a ce, to, nauyi ya hau kan wanda ya ji. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya raya mana zuriya, ya sa mu dace, amin.